Daga kututture zuwa ƙyaure: zartunan da katako ke ratsawa a Sakkwato

Katakon da muke aiki da shi a Sakkwato mafi yawansa baƙo ne. Daga dazukan kudu yake fitowa, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, ya hau tirela ya biyo ta Ilori da Jebba da Kontagora, ya ratsa Yawuri da Jega kafin a sauke shi wurin 'yan katako. Kuɗin wannan doguwar tafiya yana cikin kowane inci nasa, har garin da ke zuba ƙarƙashin inji shi ma an biya masa kuɗin mota. Shi ya sa zaɓen zarto ke da nauyi a wurinmu. Kowane yanka yana da haƙorin da aka yi dominsa, kuma yawancin katakon da ke lalacewa a shago tilasta wa zarto ɗaya aka yi ya yi aikin kowa. Ga yadda muke bi da ƙyaure guda na maɗaci, mai faɗin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 7, tun yana itace.

Zarton farko da ke taɓa shi injin sarƙa ne. Shi ke kayarwa, ya datse rassa, ya yanka kututture ƙafa 12-12, tsayin da kasuwa ta saba da shi. Wanda ya yi suna a hannun masu wannan aiki shi ne Stihl 070, mai cc 106. Fetur ɗinsa sai an gauraya da man da aka yi wa irin wannan inji: in na kamfanin ne, mililita 100 cikin lita 5, in gama-gari ne a ninka. Aka rage man, fistin ya kama. Sarƙarsa da zagayayyen magagari mai kaurin milimita 5.5 ake wasa ta, a kan digiri 30 in datsa za a yi, a dawo digiri 10 in za a tsaga itace a tsaye. Mu a cikin gari ba mu cika ɗauko shi ba sai iskar damina ta kayar da itacen dogon yaro, ko an sami izinin ma'aikatan gandun daji na sare wanda ya tsufa. Itacen cikin gari kuwa sai an bi shi da ido a hankali, don da wuya a rasa tsohuwar ƙusa ko waya da ɓawo ya haɗiye, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta dakushe sarƙa gaba ɗaya.

Injin sarƙa gwani ne wajen kayarwa, amma in aka sa shi fitar da falanki ɓarnarsa ta yi yawa. Hanyar da yake ci a jikin itace takan kai milimita 9, ta zarton somil (masana'antar yanka katako) kuwa wajen 3. Ɗauki gungume mai kaurin inci 12, wato wajen milimita 300. Mai injin sarƙa dole ya bar kowane falanki a milimita 30, saboda fuskar na fitowa da tudu da kwari, sai an fere da yawa kafin a sami inci 1 mai kyau. Falanki 7 ke nan zai fitar. A somil ana iya yankawa a 27, a sami 10. Uku sun tafi a gari, daga gungume ɗaya. Duk wanda ya ga yadda madobiya ta yi ƙaranci, har tun 2017 fitar da ita waje ya koma ƙarƙashin dokar yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wannan lissafi ya kamata ya dame shi.

A somil na kudu injin da ya fi yawa shi ne babban banso na kwance da ake kira CD. Zartonsa doguwar ɗamarar ƙarfe ce mai faɗin inci 4 zuwa 5, an haɗe bakinta biyu, tana zagaya manyan ƙafafu biyu. Kututture na kwance a ɗaure, injin ne ake turawa a kan dogo yana yanko falle bayan falle daga sama. Kafin a fara ana kankare ɓawo a wanke yashi, don yashi ke cinye kaifi. Ana ɗiga wa zarton ruwa yana tafiya, kuma bayan 'yan awoyi a sauke shi a kai wa mai wasa. In ka ga falanki ya fito yana hawa da sauka, inci 2 a wannan kai, inci 1 da rabi a tsakiya, ɗayan uku ne: haƙori ya dakushe, ko ba a ɗame zarton sosai ba, ko masu turi sun yi gaggawa. Mai yanka da ya san aikinsa yakan kuma kewaye tsakiyar itacen ya bar ta a guntu ɗaya, domin duk falankin da ya ƙunshi tsakiya sai ya tsage.

Mu dai a kasuwa muke tarar da sakamakon. Fuskar katako na faɗin wanda ya yanka shi: injin sarƙa na barin zane mai zurfi marar tsari, banso na barin siraran layuka a miƙe a gicciye, faifan sakula na barin layuka masu lanƙwasa. Don ƙyauren ga ina ɗaukar 2x6 (kauri inci 2, faɗi inci 6) guda biyu, da guntun 2x12 mai ƙafa 6, da 1x12 guda biyu. Katakan da za su zama na tsayen gefe biyu na ƙyauren su na fi tsanantawa a kansu. Ina duba kan katakon, in nemi wanda zoben shekarunsa suka tsaya a tsaye, don shi ba ya kantarewa kamar wanda zobensa ke kwance. In ɗaga kai ɗaya in hango tsawonsa da ido guda. Sannan in tambaya, "Alhaji, yaushe kayan ga sunka sauka?" Amsar ita ke gaya mini tsawon jiran da ke gabana. A lura kuma maɗacin arewa ya fi mahogani na kudu nauyi da tauri, ko da yake launinsu na kama da juna.

Jiran nan babu zarton da ke maye gurbinsa. Katakon kudu a jiƙe yake isowa, ya tarar da hunturun da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ko zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Haɗarin a nan saurin bushewa ne. Waje ya bushe ya tsuke, ciki na nan ɗanye, sai fuska ta daddare, kawuna su tsage. Muna jera shi a inuwa, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, a raba kowane layi da sanduna masu kaurin inci 1, ƙafa 2-2 tsakani, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta. A shafe kawunan da ragowar fenti, a ɗora nauyi a sama, a kare gefen da iskar gabas ke bugowa. Wanda ba shi da na'urar awon laima ya ware falanki ɗaya ya riƙa ɗora shi a sikeli kowane mako. Ranar da nauyi ya daina raguwa mako biyu a jere, ya isa aiki.

Bayan injin fere ya daidaita fuska ɗaya da gefe ɗaya, sai sakula. A nan ya kamata a fahimci haƙori. Katako kamar damin kara yake: bin tsawonsa daban, datse shi daban. Haƙorin tsaga kansa a baje yake, yana sassaƙe zaren yana kwasowa, don haka yana son ya zama kaɗan, da rami mai zurfi tsakani wanda zai ɗauke gari. Haƙorin datsa kaifinsa a gefe yake, ɗaya dama ɗaya hagu, yana yanke zaren kafin ya ɗebe, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon laushin yankan. A faifai mai inci 10, haƙori 24 na tsaga ne, 60 zuwa 80 na datsa da filawud, 40 zuwa 50 na tsaka-tsaki. Allunan MDF da HDF, na matsattsen garin katako, masu rufi suna son 96 a faifai mai inci 12, in ba haka ba bakin rufin ya ɓantare. Ka sa mai haƙori 80 ya tsaga maɗaci mai inci 2, gari ya rasa mafita, faifai ya yi zafi, gefen katako ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi.

Yawancin sakular da ke shagunanmu ƙirar gida ce: tebur na ƙarfe, shaf a kan boris biyu, fuli da bel, da injin lantarki ko na gas. Tana aiki ƙwarai in an kula da ita. Kafin in tayar, wuta a cire, ina juya faifan da hannu in duba ko akwai haƙorin da ya ɓalle ko tsagar da ta fara daga ramin haƙori. Faifan da ya tsage an gama da shi, ba a yi masa walda. Ina girgiza shi gefe da gefe, in ya yi wasa boris ya tafi, kuma zai ci hanya fiye da faɗinsa. Ina duba gudun da aka rubuta a jikin faifan, don wanda ya canja fuli ba tare da lissafi ba yana iya wuce shi. Sai majingina, wato ƙarfen da katako ke bi. Ina auna daga haƙori ɗaya a gaba zuwa majingina, in juyo wannan haƙorin baya in sake aunawa. Dole su zo daidai, ko bayan ya fi buɗewa da rabin milimita. In bayan ne ya fi matsewa, an shirya haɗari. Tsayin faifai kuwa ya ɗara katakon da kamar milimita 6 kawai.

Daga 2x6 nake fitar da na tsaye biyu masu faɗin inci 4 da rabi, ragowar tsawon ta ba da na kwancen sama. Daga 2x12 na kwancen tsakiya da na ƙasa, inci 8-8. Ba na yankawa a kan awon ƙarshe. Ina ƙara milimita 5, in jingine su kwana biyu, domin katako na sakin jiki bayan tsaga, sannan a fere zuwa awo.

Abin da ya fi raunata kafintoci a kan injin ga shi ne harbin katako. Katakon da ya bushe a waje ya bar ciki, ko mai murɗaɗɗen zare kamar maɗaci, yakan rufe baki bayan ya wuce faifai. Haƙoran baya sama suke tasowa. Da sun kama shi sai su ɗaga shi su wurgo wa mai turi, da ƙarfin da ke karya haƙarƙari, kuma hannun da ke danne da shi ya faɗa kan faifai. Maganinsa lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa bayan faifai, tazarar da ba ta wuce milimita 8 ba, kaurinsa ya ɗara jikin faifan amma bai kai faɗin hanyar haƙori ba. Teburan ƙirar gida da yawa ba su da shi, alhali kowane mai walda zai iya yin sa, kuma ni ban yarda a ɗora yaro a kan injin da ba shi da shi ba. Ana tsayawa a gefe, ba a saitin faifai ba. Ƙafa ɗaya ta ƙarshe da sandar turi ake ƙarasa ta. Mai tarba a baya riƙewa kawai zai yi, ba ja ba, in ya ga baki na rufewa ya cusa weji. Ba a shiga da babbar riga ko hannun riga a sake, ba a kwashe guntaye faifai na juyawa.

Kunne ma kayan aiki ne. Ran da yaro ya ce, "Maigida, injin ga na gurnani," ana kashewa nan take. Injin lantarki mai layi uku in layi ɗaya ya ɗauke yakan ci gaba da juyawa ba ƙarfi, yana zafi, har kwayil ya ƙone. Ƙurar loko da ta obece kuma tana shiga ƙirji, takunkumi da tabarau wajibi ne. Loko na da wata matsala, wani lokaci akan tarar da farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa, wanda ke ɓantare haƙori.

Datsa ba ta da wuya in akwai zarton da ake saukowa da shi daga sama, mai juyawa zuwa digiri 45. In a kan tebur za a yi, sai da abin turi mai tafiya a kwarinsa, kuma a janye majingina, don guntun da ya maƙale tsakaninta da faifai harbowa yake yi. Na tsayen ina barin musu rarar inci 2 a kowane kai, kada bakin ya fashe wajen haƙa rami.

In ƙyauren mai baka ne a sama, ƙaramin banso na tsaye ke fitar da lanƙwasar. Faɗin zarton ke yanke hukunci: mai milimita 6 yana shan kwana mai tsanani, mai milimita 12 sai kwana mai faɗi, amma ya fi tafiya a miƙe. Ko da yaushe haƙori uku aƙalla su kasance cikin katako. Makarin sama a sauko da shi dab da aikin. Wanda ya matsa wa zarto mai faɗi a ƙaramar kwana zai ji ƙara, sannan ya tsinke, galibi a wurin haɗi. Da yamma a sassauta shi. Jigso na hannu yana yin wannan aiki a filawud, amma a katako mai inci 2 bakinsa na karkacewa, sama ta bi layi ƙasa ta kauce.

Haɗin ƙyaure harshe ne da rami, kuma nan zarton hannu ke karɓar aiki. Kaurin katakon bayan fere milimita 45 ne, harshe kashi ɗaya cikin uku, 15. Ana fara haƙa rami, sannan a yanka harshe ya dace da shi. Zarton da ke wannan aiki gajere ne mai ƙarfe a gadon baya wanda ke hana shi lanƙwasa, haƙori 12 zuwa 15 a inci. Ina zana layi da wuƙa, ba fensir ba, in sa zarto a gefen da za a zubar, in fara da ja baya sau biyu ko uku babban yatsa na tokare da jikinsa. Kumatun harshe nake fara yankawa, a karkace daga gefe ɗaya, in juya in yi ɗayan, in ƙarasa a miƙe, sannan kafaɗu. Wanda ya bi tsakiyar layi ya cinye rabin milimita kowane gefe, harshe ya yi sako-sako, kuma gam ba ya cike wannan.

Dogon zarton hannu shi ma iri biyu ne, na tsaga mai haƙori 5 zuwa 7 a inci, da na datsa mai 8 zuwa 12. Sababbin da ke cika kasuwa masu baƙin haƙori an gasa bakinsu ya yi tauri, magagari ba ya kama su, in sun dakushe sun gama. Tsohon zarto mai farin haƙori kuwa yana shekaru ana gyara shi, kuma gyaran ya cancanci a koya wa kowane yaro. A matse shi tsakanin katako biyu, haƙora kawai a waje. A bi kansu da bajajjen magagari sau ɗaya ko biyu har kowane haƙori ya nuna ɗan farin tabo, alamar tsayinsu ya zo ɗaya. Sai buɗa su, ɗaya dama ɗaya hagu, rabin sama na haƙorin kawai, yadda hanyar ba za ta wuce kaurin zarton sau ɗaya da rabi ba. Buɗi ya yi kaɗan, zarto ya maƙale. Ya yi yawa, ya riƙa yawo yana cin katako. Gefe ɗaya ya fi ɗaya, ya riƙa janyewa daga layi zuwa can, ana ɗora wa hannun yaro laifi. Daga nan sai magagari mai kusurwa uku: a miƙe a gicciye ga na tsaga, a karkace digiri 15 zuwa 20 ga na datsa, bugu daidai wa daida a kowane rami, har farin tabon ya ɓace. Faifan sakula mai haƙorin kabaid ba ya gyaruwa da magagari, sai dutsen daimon. Sau da yawa ma ba dakushewa ya yi ba, ƙaro ne ya daskare masa, a jiƙa shi da kananzir a goge da burushi.

Allon tsakiya ba ma barinsa falle mai faɗi. Muna tsaga 1x12, mu jera guntayen ana juya zoben ɗaya sama ɗaya ƙasa, a manne da gam har faɗin ya cika. Yana zama cikin kwari mai zurfin milimita 15, ba gam ba ƙusa. In da hunturu aka yi aikin, sai a rage shi a bar milimita 5 kowane gefe, domin allo mai faɗin inci 27 na iya ƙara kusan santimita 1 in Agusta ta zo, kuma in bai sami wuri ba haɗin zai ture. In da damina ne, a cika shi sosai, don raguwa zai yi. Bayan an haɗa an ɗaure, a auna kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu su zo daidai, a bar gam ya kwana. Washegari a datse rarar kawunan nan huɗu da zarton datsa, a bi da fere, a bar milimita 3 tsakanin ƙyaure da firam a sama da gefuna. Kan sama da na ƙasa su ma a shafa musu fenti ko banish kafin a rataya, don ta nan laima ke fara shiga.